Rarraba gaɓoɓi da wurin ƙarfafa murya a kalmomin Sifaniyanci: daga ina ake farawa?

Ɗalibar Sifaniyanci ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina koyon Sifaniyanci ta hanyar littafi da darussan da nake saurare a intanet, kuma niyyata ita ce in zauna jarrabawar DELE ta ƙwarewa a harshen, wadda Cibiyar Cervantes take gudanarwa, idan Allah ya nufa. Karanta haruffan bai ba ni wahala sosai ba, domin yawancinsu sauti guda suke da shi a duk inda suka fito, amma akwai abubuwan da suka shige mini duhu, kuma ina roƙon masana su warware mini su.

Me ya sa wasu kalmomi suke ɗauke da ɗan karan nan da ake ɗorawa a kan wasali, wanda suke kira tilde, kamar canción da árbol, wasu kuma ba su da shi, alhali kuwa ina jin masu harshen suna ƙarfafa gaɓa ɗaya a cikin kusan kowace kalma? Idan aikin alamar shi ne nuna wurin ƙarfi, me ya hana a sa ta a kan casa da reloj? Sannan littafina ya ce farmacia gaɓa uku ce, policía kuma gaɓa huɗu, duk da cewa haruffan da suka ƙare da su iri ɗaya ne. Haka kuma examen ba ta da alama amma jam'inta exámenes yana da ita, yayin da canción take da alama amma canciones ba shi da ita. Shin haddace kowace kalma ake yi, ko akwai ƙa'idar da ta tattara wannan duka? Zan kuma so a yi mini bayani a kan bambancin b da v, da yadda ake furta z, domin na ji mutane biyu sun furta ta daban.

Malamin Harsuna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ba haddacewa ake yi ba, kuma tambayoyinki na farko duk amsarsu ɗaya ce: rubutun Sifaniyanci yana nuna wurin ƙarfin kowace kalma ba tare da barin shakka ba, amma ba ta hanyar sa alama a kan kowace kalma ba. Akwai wurin da ƙarfi yake faɗawa bisa al'ada, kuma duk kalmar da ta bi wannan al'ada ba a sa mata komai. Wadda ta saɓa ita ce ake yi wa alama. Rashin alamar ma bayani ne. Sai dai ba za a iya amfani da wannan ƙa'ida ba sai an iya ƙirga gaɓoɓi daidai, saboda haka daga can ya kamata a fara. A misalan da zan kawo, zan rubuta gaɓar da ake ƙarfafawa da manyan haruffa.

Idan baƙi ɗaya ya zo tsakanin wasula biyu, yana bin wasalin da ke gabansa, kamar yadda muke yi a Hausa: ca-sa, a-mi-go, pe-lo-ta. Haruffan ch da ll da rr kowannensu sauti ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu, kamar sh da ts a rubutunmu, don haka ba a raba su: mu-cha-cho, ca-lle, ca-rro. Amma cc sauti biyu ne, kuma ana raba shi: ac-ción, lec-ción. Idan baƙaƙe biyu suka haɗu a tsakiyar kalma, ana raba su, ɗaya ya rufe gaɓar baya ɗaya ya buɗe ta gaba, kamar car-ta, al-to, can-tar, sai fa idan na biyun l ne ko r, na farkon kuma ɗaya daga cikin p, b, c, g, f, ko kuma t da d tare da r. Waɗannan ba sa rabuwa, tare suke buɗe gaɓa: li-bro, ha-blar, ma-dre, o-tro, a-pli-car, a-gra-da-ble. Harafin s kuwa ba ya haɗuwa da wani baƙi ya buɗe gaɓa a wannan harshe ko kaɗan, kullum baya yake komawa: es-tar, ins-tan-te, cons-truir, obs-tá-cu-lo. Wannan ne ya sa kalmomin da suka fara da s da wani baƙi a Latin suka sami e a farkonsu, aka sami escuela da estudiante.

Inda aikin yake shi ne wajen wasula, kuma nan ne amsar farmacia da policía take. Masu nahawun harshen sun kasa wasula biyar gida biyu: a da e da o buɗaɗɗu ne, i da u rufaffu ne. Idan buɗaɗɗe ya haɗu da rufaffen da ba a ƙarfafa ba, ko wanne ya riga zuwa, suna zama tagwan wasali a cikin gaɓa ɗaya: ai-re, cau-sa, tie-rra, puer-ta, a-gua. Haka ma rufaffu biyu mabambanta, kamar ciu-dad da cui-da-do. Bahaushe ya saba da ai da au, amma ie da ue da ia da io baƙi ne a kunnensa, sai ya so ya raba su biyu. Abin da zai taimaka shi ne a tuna da kalmominmu irin su kyau da gwani da kwana, inda y da w suke manne da baƙin da suka biyo: i ɗin da ke cikin tierra da u ɗin da ke cikin puerta haka suke fita, a gurguje, ba tare da sun kafa gaɓa tasu ba. Idan kuwa buɗaɗɗu biyu suka haɗu, kowanne gaɓarsa daban: le-er, po-e-ta, ca-os, te-a-tro. Sannan idan ƙarfin kalma ya faɗa a kan rufaffen wasalin da ke kusa da buɗaɗɗe, tagwaicin ya warware, kuma wajibi ne a ɗora masa alama ko da sauran ƙa'idoji ba su nemi hakan ba: DÍ-a, pa-ÍS, ma-ÍZ, ba-ÚL, Ma-RÍ-a. Saboda haka far-MA-cia gaɓa uku ce domin ia a cikinta tagwaye ne, po-li-CÍ-a kuma huɗu ce domin an ƙarfafa i. Wannan bambanci yana sauya ma'ana: secretaria ita ce macen da take aikin sakatare, secretaría kuma ofishin ne, hacia na nufin wajen ko zuwa ga, hacía kuma yana yi ne a wancan lokaci. Harafin h da yake ba a furta shi, ba ya hana tagwaici, shi ya sa prohi-BIR gaɓa biyu ce, kuma shi ya sa dole a sa alama a pro-HÍ-bo da BÚ-ho.

Idan an ƙirga gaɓoɓi, sai a dubi harafin ƙarshe. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko n, ko s, ƙarfinta bisa al'ada yana kan gaɓa ta biyu daga ƙarshe: CA-sa, HA-blan, LU-nes, e-XA-men. Wadda ta ƙare da kowane baƙi daban, ƙarfinta yana kan gaɓar ƙarshe: re-LOJ, ciu-DAD, pa-PEL, ha-BLAR, Ma-DRID. Harafin y a ƙarshen kalma ana lissafa shi cikin baƙaƙe, don haka es-TOY da U-ru-GUAY ba su da alama. Duk abin da ya fita daga wannan sai an nuna shi. Canción ta ƙare da n amma ƙarfinta yana ƙarshe, sai aka yi mata alama, haka café da Perú da Bogotá. Árbol ta ƙare da l amma ƙarfinta yana baya, sai aka yi mata alama, haka lápiz da fácil da azúcar da Cádiz. Wadda ƙarfinta yake kan gaɓa ta uku daga ƙarshe kuwa ba ta da mafita, kullum da alama take: música, teléfono, sábado, Málaga, Córdoba. A littattafansu za ki ga suna kiran masu ƙarfi a ƙarshe agudas, masu ƙarfi a ta biyu llanas ko graves, masu ƙarfi a ta uku esdrújulas, kuma yana da kyau ki riƙe waɗannan sunaye domin da su malamai suke bayani. Hikimar tsarin ita ce mafi yawan kalmomin harshen llanas ne masu ƙarewa da wasali, kuma n da s su ne haruffan da ake ƙarawa wajen jam'in suna da jam'in aikatau, don haka aka tsara ƙa'idar yadda mafi rinjayen kalmomi ba za su buƙaci alama ba.

Batun examen da canción yanzu ya warware da kansa. Wurin ƙarfin bai motsa ba, kalmar ce ta ƙara tsawo. E-XA-men ta bi al'ada, amma da aka ƙara mata gaɓa ta zama e-XÁ-me-nes, sai xa ta koma ta uku daga ƙarshe, alama ta wajaba. Haka joven da jóvenes. Can-CIÓN ta saɓa wa al'ada, amma can-CIO-nes ta ƙare da s kuma ƙarfinta yana kan ta biyu daga ƙarshe, sai alamar ta zama ba ta da aiki. Kalmomin da ƙarfinsu yake sauya wuri da gaske a jam'i kaɗan ne ƙwarai, kuma su ne suka cancanci haddacewa: carácter da caracteres, régimen da regímenes, espécimen da especímenes.

Ina ganin wannan shi ne babban sauƙin da mai koyon Sifaniyanci yake samu, wanda mai koyon Hausa daga littafi ba ya samu. Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, sai mai karatu ya gane daga jimla ko kuka itace ake nufi ko kukan hawaye, ko gari na zama ne ko na tuwo. Su kuwa sun sa komai a rubuce: TÉR-mi-no wa'adi ne ko kalma, ter-MI-no ina gamawa, ter-mi-NÓ ya gama. Wanda ya yi sakaci da alamar a wajen aikatau zai riƙa musanya mai aiki da lokacin aiki gaba ɗaya, domin HA-blo ni nake magana yanzu, ha-BLÓ kuma wani ne ya yi magana a baya.

Mazaunin Sevilla ya amsa:

Allah ya saka wa Malam da alheri, bayaninsa ya gamsar a kan rubutu. Ni zan ƙara ne a kan abin da yake faruwa a baki, domin mutum yana iya sanin duk waɗannan ƙa'idoji amma ya yi magana a kasa gane shi, kuma abubuwan da suke kawo wa Bahaushe cikas ba su ne suke kawo wa Bature ba.

Na farko shi ne cusa wasali a tsakanin baƙaƙe. Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa kalmomin aro suka zama burodi da fulawa da firamare. Idan aka kai wannan ɗabi'a cikin Sifaniyanci, sai tres ta zama tires, libro ta zama libiro, blanco ta zama bilanko, kuma da zarar an ƙara gaɓa, lissafin da Malam ya koyar ya rushe. Na biyu, wanda ba a cika lura da shi ba, shi ne hamza. A Hausa duk kalmar da aka rubuta da wasali a farko da hamza ake fara furta ta, kuma idan wasula biyu za su haɗu sai mu tsayar da murya a tsakaninsu, kamar sa'a da jama'a. Sifaniyanci ba shi da wannan tsayawa. Leer da poeta da país gaɓoɓinsu a rabe suke, amma murya ba ta yankewa, daga wasali ake zarcewa zuwa wasali. Misali mafi kusa shi ne sunan ƙungiyar ƙwallon da kowa ya sani, Real Madrid: Re-AL ne, gaɓa biyu, e tana nan a matsayinta, ƙarfi yana kan al, babu hamza kuma babu y a tsakani. Filin wasanta kuma Ber-na-BÉU ne, gaɓa uku.

Wannan rashin hamza ya wuce cikin kalma, ya shafi jimla, kuma shi ne dalilin da ya sa sabon ɗalibi yake jin kamar mutanen suna gudu da magana. Baƙin ƙarshen kalma yana tsallakawa ya buɗe gaɓar kalmar da ke gaba idan da wasali ta fara, don haka los amigos lo-sa-mi-gos ake ji, el agua kuma e-la-gua, las ocho kuma la-so-cho. Wasula ma suna narkewa cikin juna a bakin iyaka, mi amigo ta fita kamar gaɓa uku. Wanda yake jiran ya ji kowace kalma ita kaɗai kamar yadda take a takarda zai daɗe yana jira.

Game da ƙarfafawa kanta, kada a mayar da ita dogon wasali irin namu. Gaɓar da aka ƙarfafa tana ɗan fin sauran tsawo da fitowa, amma ba jan ta ake yi ba, kuma sauran wasulan ba sa lalacewa kamar yadda suke yi a Ingilishi: kowace a da ke cikin mañana cikakkiyar a ce. A nan muna da sa'a, domin wasulansu biyar sun yi kusa da namu. Abin kiyayewa shi ne e da o a rufaffiyar gaɓa, domin a Hausa suna son karkata zuwa a, kamar yadda muke rubuta karensa amma da yawa daga cikinmu suke furta karansa. A tengo da verde da donde dole e ta zauna e, o ta zauna o.

Tambayarki a kan b da v, Malama, amsarta gajeriya ce: sauti ɗaya ne, bambancin na rubutu ne kawai, shi ya sa tubo da tuvo ba a rarrabe su a kunne. A farkon magana da bayan m ko n ana haɗe leɓɓa sosai, a tsakanin wasula kuma leɓɓan kusantar juna kawai suke yi. Haka d da g suke laushi a tsakanin wasula, har d ɗin cansado takan ɓace a maganar yau da kullum a nan kudancin Sifaniya. Harafin z kuwa, tare da c idan e ko i ta biyo ta, mutanen tsakiya da arewacin Sifaniya suna furta shi da harshe a tsakanin haƙora, kamar harafin Larabcin da ake fara thumma da shi, amma a duk Latin Amurka da tsibiran Canarias da wani yanki na Andalus s ce kawai. Duka biyun daidai ne, abin da ba a yi shi ne a furta ta kamar z ɗinmu ta zuma. Wanda ya yi karatun allo yana da wata ribar kuma: j, da g idan e ko i ta biyo ta, kusan sautin harafin kha ne na Larabci, kamar a jamón da gente, kuma x ɗin da ke cikin México ma haka take, tsohon rubutu ne aka bari. Harafin u ba a furta shi a que da qui da gue da gui, sai idan an ɗora masa ɗigo biyu, kamar vergüenza da pingüino.

Sauran biyun da zan ja hankali a kansu su ne r da p. Hausa tana da r iri biyu, ta bara mai yi wa wani hidima da ta bara ta almajiri. Ta farkon, wadda ake naɗe harshe baya, ba ta cikin Sifaniyanci sam. Ta biyun ce ake buƙata, bugu ɗaya a pero da caro, kaɗawa mai tsawo a perro da carro, da kuma duk r ɗin da ta fara kalma ko ta biyo n, l, s, kamar rojo da Enrique da alrededor. Ita kuwa p, tun da a harshenmu ba mu rarrabe ta da f, sai an yi mata horo na musamman, domin pino itace ne, fino kuma abu mai laushi ko siriri, favor alfarma ce, pavor kuma firgici.

Ɗalibar Sifaniyanci ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malamai, Allah ya ƙara sani. Na gwada ƙa'idar a kan sunayen mutane kuma ta yi aiki: Pérez da Sánchez da Rodríguez suna da alama domin sun ƙare da z amma ƙarfinsu yana baya, Ortiz da Muñoz kuma ba su da ita domin ƙarfinsu yana ƙarshe. Sai dai na ci karo da abubuwan da ban ga inda suka shiga ba. Tú da él da más gaɓa ɗaya-ɗaya ne, to ina amfanin nuna wurin ƙarfi a kalmar da ba ta da wata gaɓar? Sannan a wani tsohon littafi na ga fué da guión da sólo da alama, a sabo kuma babu. Wanne zan bi? Kuma Atlético, at-lé ake rabawa ko a-tlé? A ƙarshe, tun da z tana da furuci biyu, wanne ya fi dacewa da mai shirin jarrabawa?

Tsohuwar Tafinta ta amsa:

Sannu da ƙoƙari, 'yar'uwa. Asalin ƙa'ida shi ne kalma mai gaɓa ɗaya ba ta ɗaukar alama, shi ya sa ake rubuta sol da pan da fe haka nan. Waɗanda kika ambata wani rukuni ne ƙarami da ake kira tilde diacrítica, inda alamar take rarrabe kalmomi biyu masu rubutu iri ɗaya: tú kai ko ke, tu naka, él shi, el kuma harafin da ake sa wa suna namiji, mí ni bayan harafin jarra, mi nawa, sí i, si idan, té shayi, te wakilin suna, sé na sani, se wakilin suna, dé daga aikatau na bayarwa, de na mallaka, más ƙari, mas amma. Ba zaɓin son rai aka yi ba wajen sanin wadda za ta ɗauki alamar, domin a cikin kowane biyu, mai alamar ita ce ake ƙarfafawa a jimla, ɗayar kuma jingina take da kalmar da ke gabanta ba tare da ƙarfin kanta ba. Wannan ya gyara wani abu a tambayarki ta farko: ba kowace kalma ce take da ƙarfi ba, domin irin su el, la, de, en, mi, que ba su da shi, kuma mai ƙarfafa su duka zai riƙa magana kamar yana karanta jerin sunaye. Haka qué da cómo da dónde da cuándo suke ɗaukar alama idan tambaya ko mamaki ake yi da su, su ajiye ta idan haɗa jimla kawai suke yi.

Bambancin littattafanki na zamani ne. Hukumar da take kula da harshen, Real Academia Española, an kafa ta a Madrid a 1713, ta fitar da littafin ƙa'idojin rubutu na farko a 1741, kuma tun daga lokacin ake ta gyara. Tun 1951 akwai ƙungiyar da ta haɗa ta da takwarorinta na sauran ƙasashe, wadda yanzu har da ta Ikwatoriyal Gini, ƙasar Afirka da Sifaniyanci yake harshen hukuma a cikinta, kuma tare suke yanke hukunci. Fue da fui da vio da dio sun rasa alamarsu tun ƙa'idojin da suka fara aiki a 1959. Guion da truhan sun rasa tasu a littafin 2010, bisa hujjar cewa a wajen rubutu za a ɗauki io da ua a matsayin tagwan wasali ko da wani yana furta su gaɓa biyu, don haka kalmomin gaɓa ɗaya ne. Wannan hukunci ya jawo ƙorafi, musamman a Sifaniya inda da yawa suke furta gui-on a rabe, kuma a ganina masu ƙorafin suna da hujja ta fuskar kunne, amma hukumomin sun zaɓi rubutu guda ga masu furuci iri-iri. Ta wannan hanyar ce ma ui ake lissafa ta tagwaye kullum, shi ya sa huida da construido ba su da alama. Solo ita ce ta fi daɗewa ana jayayya a kanta: littafin 2010 ya ba da shawarar a daina sa mata alama, sannan a 2023 hukumar ta fayyace cewa marubuci yana iya sa ta idan a ganinsa ma'ana za ta rikice tsakanin shi kaɗai da kawai. Ga mai jarrabawa, rubuta ta babu alama ba zai taɓa zama kuskure ba. A littafin 2010 ɗin ne kuma aka cire ch da ll daga jerin haruffa, aka bar 27, amma hakan bai taɓa hukuncin rashin raba su ba.

Atlético duka biyun suna nan. Yawancin mutanen Sifaniya at-LÉ-ti-co suke rabawa, su ce at-las da at-le-ta, amma a mafi yawan Latin Amurka da Canarias tl tana buɗe gaɓa, a ce a-tlas da a-tle-ta, kuma a Meziko har kalma tana farawa da ita, kamar Tlaxcala, saboda tasirin harshen Nahuwatil. Ko ta yaya aka raba, wurin ƙarfin bai sauya ba. Akwai kuma 'yan kalmomi masu ɗafa-goshi da ake kiyaye iyakarsu, kamar sub-ra-yar, inda b da r ba su haɗu ba kuma r ɗin ake kaɗa ta kamar ta farkon kalma.

A kan zaɓin furuci, na yarda da Malamin da ke Sevilla cewa duka daidai ne, kuma jarrabawar tana karɓar kowanne, amma ba zan ce nauyinsu ɗaya ba ga ɗalibi. Furta z kamar s ya fi sauƙi kuma shi ne na mafi yawan masu harshen a duniya, sai dai wanda ya koyi rarrabewa yana samun taimako wajen rubutu, domin kunnensa zai gaya masa bambancin casa gida da caza farauta, da coser ɗinki da cocer dafawa. Abin da ba shi da kyau shi ne gaurayawa a cikin jimla ɗaya. Haka batun ll yake: yawancin masu harshen yanzu suna furta ta daidai da y, a Buenos Aires da Montevideo kuma tana fita kusa da sh, kuma ɗalibi ba ya buƙatar ya kwaikwayi wannan sai idan can zai zauna.

Malamin Harsuna ya ƙara da cewa:

Hajiya ta cike abin da ya rage, sai wurare biyu da za ki ci karo da su nan gaba kaɗan, Malama, idan kin shiga darasin umarni. Idan aka manna wakilin suna a ƙarshen aikatau, ana ɗaukar abin da ya fito a matsayin kalma ɗaya, a sake ƙirga gaɓoɓinta daga ƙarshe. Kalmar DA ta umarnin bayarwa ba ta da alama, DA-me ma ba ta da ita, amma DÁ-me-lo ta zama esdrújula. DI-ga ta zama DÍ-ga-me, sannan DÍ-ga-me-lo, inda ƙarfin ya koma gaɓa ta huɗu daga ƙarshe, irin da ake kira sobresdrújula, kuma ita ma kullum da alama take. Com-PRAR-lo kuwa ba ta buƙatar komai, domin ta ƙare da wasali kuma ƙarfinta yana kan ta biyu.

Wuri na biyu shi ne kalmomin bayanau masu ƙarewa da mente, waɗanda su kaɗai ne suke da ƙarfi biyu a kalma ɗaya, ɗaya a kan sifar da aka gina su a kanta, ɗaya a kan men. A rubutu ba a sake lissafi a kansu, sifar ce take riƙe abin da ta zo da shi: fácil tana da alama, don haka fácilmente tana da ita, lenta ba ta da ita, don haka lentamente ba ta da ita. Kuma manyan haruffa ba su da rangwame, África da Ángel da Úbeda duk da alamarsu ake rubuta su, ko da kin ga allon wani shago ya bar ta.